Daga Ƴan Taru zuwa zaman Alhamis: kalma a kan mata marubuta da taimakon junansu

  

Ƴan'uwa, maganar wannan fitowa daga cikin gidanmu ta taso. Tun bayan sallar layya wasu mata goma sha ɗaya daga ajin matan aure da ajin ƴan mata na islamiyyarmu suke zama duk Alhamis bayan la'asar, a ajin da ke kusa da rijiya. Labarai suke rubutawa da Hausa. Kowace ta karanta nata a saurara, kowace ta zuba dala ɗari a mako, a sayi takarda a biya mai fotokofi. Wasu dattawan masallaci suka kai ƙara gaban kwamiti, wai an mai da ɗakin karatu dandalin tatsuniya, wai littattafan soyayya na Kano sun shigo mana ta taga, suka nemi a rufe ajin ranar Alhamis. Kwamiti ya ce mu duba kafin a yanke magana. Malamar ajin ta aiko mana da kundinsu, labari tara, tare da wasu littattafan da suke ba juna aro. Mun karanta duka, wasu har sau biyu. Ga abin da muka gani, kuma za mu faɗi mai daɗi da mai ɗaci.

Abin ba baƙo ba ne

Masu cewa taron mata a kan rubutu baƙon abu ne, su yi haƙuri, tarihi bai bi bayansu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata a 1754, garin da yau yake cikin ƙasarmu ta Nijar, yana da ɗiya Nana Asma'u, haihuwar Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma abin da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara nata suka buga a 1997 ya kai wajen sittin. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ta kai rubutun ga matan ƙauye, waɗanda ba su da halin zuwa birni. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malafa da jan rawani don a san ta. Jaji takan taho a ƙafa da ayarin tsofaffi da ƙananan ƴan mata, su zauna gaban Asma'u su haddace waƙa a kan tauhidi da tsarki da sallah da tarihin Manzo, su koma su koya wa matan da raino da hidimar gida suka tsare. Su ake kira Ƴan Taru. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da zane, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin.

Ita kanta Asma'u ba ita kaɗai take aiki ba. Yayanta Muhammadu Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata, ita ta mai da shi waƙa. Ƙanenta Isa ya juya waƙoƙinta na Fulatanci da dama zuwa Hausa. Da aminiyarta A'isha matar Bello ta rasu ta yi mata marsiyya, haka ta yi wa maƙwabciyarta Halima, haka ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa. Ku riƙe abu biyu a nan, za mu dawo kansu: tana ambaton sunan wadda ta yi aiki, kuma ƙofar taronta waje take kallo, wajen waɗanda ba su sani ba.

Masu cewa ƙagen labari ƙarya ne, ƙarya kuwa haramun ce, muna tambayarsu a kan Muƙamar Hariri da muke biya wa manyan ɗalibai a zaure. Maƙama hamsin ce, kuma Abu Zaidi Assaruji da Harisu ɗan Hammamu taurarin ƙage ne. Malamanmu sun karantar da ita ɗaruruwan shekaru, don mai karatu ya san misali ake bugawa. Abin dubawa a labari shi ne me ya ƙunsa, ina kuma yake kai mai karatu.

Yadda matan Kano suka riƙe juna

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun fara ne da gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Duk maza ne. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Ku lissafa tsawon jiran da kanku. Bayan nan tattalin arzikin Nijeriya ya karye, manyan kamfanoni suka ja baya da buga labaran Hausa, sai matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Nan mata suka sami ƙofa. Marubuciya ta rubuta da hannu a littafin makaranta, a buga mata da tafireta, a kai maɗaba'a, a fitar da na ɗaya, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. A shafukan baya za ka ga gaisuwa ga ƴan'uwa marubuta da tallar littattafansu. Wadda ta riga shiga ita ke nuna wa sabuwa mai buga littafin da ba ya cuta da ɗan kasuwar da ke biya. Ta wannan hanya littattafan suka bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa suka iso mana Maraɗi.

Daga baya abin ya zama ƙungiyoyi. Raina Kama ta haɗa maza da mata, cikinsu akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu. Sannan mata suka kafa nasu, irin su Kallabi da Hajiya Balaraba ta jagoranta, da Mace Mutum ta Rahma Abdulmajid. A 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata don mata. Yabon gwani ya zama dole. Matan da ba su da kamfani ba su da jami'a a bayansu sun gina kasuwar littafi da hannunsu, sun sa dubban matan aure da suka bar lakwal tun suna ƙanana sun ci gaba da karatu a ɗakunansu. Ita Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana wajen shekara 13, daga baya ta koma karatun manya. Wanda ya san wannan zai gane daga ina Wa Zai Auri Jahila? ya fito.

Littafi ɗaya a ma'auni

Cikin littattafan da aka aiko mana akwai Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, uwar ƴaƴa tara, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa. Yana da wadata amma cefanen gidansa ba ya isa. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da ƴaƴanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaran, ɗiyarta Saudatu ta sami miji mai hali. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye dukiyarsa, Delu ta juya masa baya, ƙarshe maza suka taru suka matsa wa Rabi ta koma.

Wallahi mun yi shekaru muna karantar da babin nafaƙa a Risala, muna cewa ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji gwargwadon halinsa. Ba mu taɓa sa ɗalibi ya ji nauyin wannan hukunci kamar yadda littafin nan ya sa mu ji shi ba, don ya shigar da mu madafin da aka hana kuɗin cefane. Ƙarshen labarin ma ba a yi masa kwalliya ba. Mai karatu yana rufe littafin yana tambayar kansa ko an yi wa Rabi adalci, kuma wannan tambaya tana da amfani ga duk wanda ake kira sulhun aure, har da mu limamai.

Inda muke da magana shi ne Delu. An zana ta baƙa ƙirin, ba a bar mata ko ɗigon haske ba, ba a nuna mana abin da ya jefa ta cikin wannan rayuwa ba. A littafi ɗaya ba laifi. Amma abin ya zama gado. Cikin labarai tara na ɗiyanmu, shida muguwar cikinsu mace ce: kishiya mai bin boka, uwar miji mai makirci, aminiya mai cin amana. Ana cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, kuma a zaman Alhamis haka abin yake, don an shaida mana da ɗayarsu ta haihu sauran ne suka kwafe mata labarinta suka biya mata zubinta. To me ya sa wannan zumunci bai shiga takarda ba? Mata goma sha ɗaya suna riƙe da juna a fili, a rubuce kuwa babu mace biyu da suka amince da juna. Sun rubuta abin da suka karanta, sun bar abin da suke rayuwa cikinsa.

Yabo ya yi yawa, gyara ya yi kaɗan

Aibi na biyu ya fi wannan girma. Mun tambayi malama yadda zaman yake gudana. Ta ce in an gama karatu sai a ce masha Allah, Allah Ya ƙara basira, a wuce ga ta gaba. Ba mai cewa wuri kaza bai yi ba, don kada a ɓata zumunci. Sakamakon yana cikin kundin. An rubuta gida ya cika da baki, ana nufin baƙi. An rubuta karya inda ake nufin ƙarya. Wani tauraro ya fara labari da suna ɗaya ya ƙare da wani. Waɗannan ƙanana ne. Babba shi ne labarin da miji ya yi wa matarsa saki na uku, babi na gaba ya aiko da goro aka yi biko ta koma, marubuciyar kuma tana murna an sasanta. Kowane ɗalibin da ya kai babin ɗalaƙi ya san bayan saki na uku ba komawa sai ta auri wani aure na gaskiya ya ƙare. A wani labarin kuma an jingina wa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, wata magana wadda karin maganar Larabawa ce. Mutum goma sun saurari waɗannan, cikinsu akwai waɗanda mu muka karantar da su wannan babi, ba wadda ta ɗaga murya.

Magabata suna da abin da suke kira muƙabala. In mutum ya kwafi littafi, sai ya zauna da wani, ɗaya na riƙe da asali ɗaya na riƙe da kwafi, a bi layi layi. Malaman hadisi sukan zana ɗan da'ira tsakanin hadisi da hadisi, in an gama muƙabala a ɗiga ɗigo a cikinta, shaidar an duba. Karimatu Almarwaziyya, wadda ta rasu a Makka a 463 bayan hijira, manyan malamai irin su Haɗibul Bagdadi sun karanci Sahihul Buhari a gabanta, kuma an san ta da tsanani wajen gwada kwafi da asalinta. Mace ce, ba ta ɗauki gyara a matsayin cin fuska ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƴar'uwar da ta bar ki kika fita kasuwa da zane a juye don kada ranki ya ɓaci, ba ta taimake ki ba.

Wannan ciwo ba na ajinmu kaɗai ba ne. Littattafan kasuwa da yawa suna fitowa da shafi biyu na gaisuwa da jinjina, sannan shafi ɗari da ba wanda ya duba. Ƙungiya takan taru ranar ƙaddamar da littafi da ranar biki da ranar ta'aziyya, kuma wannan alheri ne. Ranar da ta fi buƙatar taro ita ce ranar da rubutu yake hannu ba a kai shi maɗaba'a ba.

Labarin da aka kai ƙarshe

Takwas daga cikin labaran a Kano ko Abuja suke faruwa, a gidajen bene, ana ƙirga naira, ana tafiya Dubai sayen kayan lefe. Mafi yawan marubutan ba su taɓa ƙetare Ɗan Isa ba. Na tara kuwa, wanda aka ajiye can ƙarshen kundi, wata mai ɗinki ce ta rubuta shi. Mace ce mijinta ya bi ta Agadas ya tafi Libiya ci-rani, shekara uku ba aike ba labari. Ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Uwar mijin tana cewa yana nan tafe, iyayenta suna cewa ta kai ƙara, ita kuwa ba ta san ko matar aure ce ko gwauruwa ba. Akwai wurin da ta ɗebi tuwo ta ajiye rabon mutum ɗaya a rufe, da safe ta ɗumama wa yara. Ba kuka ba dogon bayani. Mun ajiye takardar mun yi shiru.

Mun san hukuncin a mazhabar Malik: matar wanda ya ɓace takan kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi iddar wata huɗu da kwana goma, in kuwa babu abin ciyar da ita tana da damar neman rabuwa tun kafin haka. Hukuncin muka sani. Ita ta nuna mana daren da ake kwana cikinsa. Irin waɗannan mata suna nan a unguwanninmu, wasu ma suna sahun baya ranar Juma'a. Da muka tambayi dalilin kai labarin ƙarshe, sai aka ce wai ba soyayya a ciki, kuma ba a yi aure a ƙarshensa ba. Kun ga illar taron da ba ya auna aiki: ya kasa gane gwanarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matan Kano sun yi suna ne don sun rubuta yoyon ɗakinsu. Wadda ke son ta gaje su, ta rubuta nata.

Saura abu biyu a taƙaice. Labarai huɗu ba suna a kansu, kuma cikin littattafan aro mun ga uku fotokofi ne. Marubuciyar da ta buga littafi da kuɗin adashinta, in aka kwafe shi aka raba, an ci guminta, ko da masu ƙaunarta ne suka ci. Sannan duk goma sha ɗayan masu karatun boko ne. A unguwar nan akwai tsofaffin da ke karanta ajami, da waɗanda kansu ke cike da waƙoƙin wa'azi da labarin yunwar 1973 da ta 1984. Ba a gayyaci ko ɗaya ba. Asma'u da tsofaffi da ƙananan yara ta gina tafiyarta.

Namu laifin

Kada maza su karanta wannan su yi dariya. Mun tambayi waɗanda suka kawo ƙara ko sun karanta labari ɗaya daga ciki, ba wanda ya karanta. A 2007 gwamnatin Kano ta lokacin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar ƴan mata, hukumar tace fina-finai da ɗab'i kuma ta matsa wa marubuta da rajista. Rubutun bai tsaya ba. Gaskiya ne akwai littattafan batsa da ba mu yarda su shiga gidajenmu ba, kuma mun ce wa malama ta cire biyu daga cikin na aro. Amma in aka kore su daga ajin da malama take zaune, za su ci gaba a inda ba malama.

Wannan gardama tsohuwa ce. Tun Shehu yana yawon wa'azi wani malami, Mustafa Goni, ya soke shi a Daura a kan barin mata suna halartar majalisinsa, Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa, amsar kuma tana cikin Tazyinul Waraƙati: barin mata cikin jahilci ya fi muni. A Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da ke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da ɗiyansu cikin duhu. Kuskuren saki na uku da muka ambata, wa ya karantar da babin har aka fita ba a riƙe shi ba? Mu ne. Mu fara da kanmu.

Abin da muka gaya wa kwamiti

Mun ce a bar musu ajin ranar Alhamis, malamarsu ce shugaba, ba namijin da zai zauna musu. Mun roƙi abu huɗu. Na farko, kada a kwafi labari sai mutum biyu sun bi shi da jan biro, ɗaya ta duba harshe da tsari, malama ta duba abin da ya taɓa hukunci, in ta ga aya ko hadisi ta aiko mana mu gwada da asali. Na biyu, bayan kowane karatu kowace mai sauraro ta faɗi wuri ɗaya da ya yi kyau da wuri ɗaya da ke son gyara, marubuciya ta yi shiru har a gama. Na uku, kowane labari ya ɗauki sunan mai shi ko laƙabin da ta zaɓa, kuma a ware wani abu daga zubi a riƙa sayen littafi na asali. Na huɗu, sau ɗaya a wata a gayyato iyayenmu tsofaffi biyu su yi magana a rubuta, a kuma jawo ƴan mata biyu daga ƙaramin aji su riƙa saurare. Kwamiti ya amince, ya ƙara da alkawarin kwalin takarda da akwati mai kwaɗo.

Ku kuma ɗiyanmu da ƙannenmu, kada zafin gyaran nan ya kashe muku jiki. Da ba mu ga alheri a kundin ba, da ba mu ɓata dare uku a kansa ba. In za ku sake kwafi, ku dawo da labarin mai ɗinki shafin farko.

Allah Ya sa albarka a alƙalumanku, Ya jiƙan Nana Asma'u da jajinta, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take.